Tsakanin Ɗa Da Mahaifi, Wa Ke Bin Wani Bashi?

Na san ka sha ganin wannan fitowar a finafinanmu: mota ta tsaya a ƙofar gida, saurayi ya fito da kwat da baƙin tabarau, ƙanne suna rige-rigen ɗaukar jaka, uwa tana share ƙwalla da bakin mayafi, wai ga wanda ya je karatu ƙasar waje ya dawo. Daga nan sai darakta ya kwashe mu ya kai mu zance gidan budurwa. Ni dai ban taɓa ganin fim ɗin da ya tsaya ya nuna mana halin da gidan nan yake ciki bayan sati uku ba, lokacin da tsaraba ta ƙare, 'yan sannu da zuwa suka ɗauke ƙafa, aka koma karyawa da ɗumame. Littattafanmu ma kusan haka suke. Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja ya sha yawon duniya, ya dawo da ruwan, ɗan sarki ya warke, kowa ya yi murna. To, wanda ya tafi neman ruwan ya dawo da tulu ba ko ɗigo a ciki fa, wa zai ba mu labarinsa?

Irin wannan dawowar na gani da idona a gidan yayata, a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, a daminar 2023. Tun lokacin akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai, ita nake so mu tattauna yau.

Ka dai tuna abin da ya faru a Sudan. Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Janar Dagalo. Ɗalibanmu da ke can suka wayi gari harsashi na ratsa ɗakunan kwanansu. Aka ɗebe su a manyan motoci aka nufi iyakar Masar, inda suka yi kwana da kwanaki a cikin rairayi ana cacar baki a kan takardun shiga. Sai daren 3 ga Mayu jiragen farko suka sauka Abuja daga Aswan, kuma kafin a gama jigilar an kwaso sama da mutum 2,000. Ɗan yayata na cikinsu. Shekararsa huɗu yana karatun likita, saura biyu ya gama. Ya iso Badariya da jakar goyo guda ɗaya, babu takardar shaidar ko jarrabawa ɗaya da ya ci, don ofishin da zai ba shi takardar ma an rufe shi, kowa ya yi ta kansa.

Mahaifinsa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya. Ba mai hali ba ne. Abin da ya kai yaron nan Sudan fadama ce ta gado a wajen Ambursa, kan hanyar Argungu, wadda ya sayar a lokacin da shinkafa ke tashe, bayan an ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, ga kuma manyan injinan casa sun buɗe a nan da Argungu, ƙasar fadama ta yi daraja. Abin da zai ba ka tausayi, daga baya sai ya koma yana karɓar hayar wani yanki na wannan fadamar daga hannun wanda ya saya, yana noma abin da za a ci.

Makon farko gidan kamar ana biki. Kowa ya shigo sai ka ji, "Ina Dakta? Dakta an dawo lafiya?" Tsofaffin unguwa suka fara aiko da katin asibiti da kwalin magani a duba musu. Ba wanda ya yi haka da mugunta, girmamawa ce. Amma ka sa kanka a matsayin yaro ɗan shekara 23 wanda ya san bai zama likita ba, bai kuma san ko zai zama ba, ana kiransa da sunan sau hamsin a wuni. Kafin wata ya ƙare aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. A tsakiyar Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 700. Ko da an ce masa ga wata jami'a a Masar za ta karɓe shi, da me za a biya? Babu sauran fadamar sayarwa.

Sai yaro ya kama aiki kamar wanda aka yi wa dole. Da an sallame sallar asuba ya hau babur ya bi mahaifinsa fadama, a yi dashe, a yi cirar ciyawa, a watsa taki, ruwa har gwiwa. Da la'asar ya je ya zauna a kemis ɗin wani maƙwabci har ƙarfe goma na dare, abin da aka ba shi a ƙarshen mako ya kawo ya ajiye wa mahaifiyarsa a ƙarƙashin faifai. Kowa na yabo. Ni ma na yaba, Allah Ya yafe mini. Na ce kai, barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba, ga yaron da zaman waje bai lalata ba. Ashe ba mu san abin da ke tura shi ba. Wata rana yana neman takardar haihuwarsa a akwatin mahaifinsa ya ci karo da wani littafi mai baƙar fata, irin na 'yan kasuwa. A ciki an rubuta duk kwabon da aka kashe masa tun daga kuɗin fasfo: kuɗin jirgi, kuɗin makaranta shekara-shekara, kuɗin abinci, har da na wata waya da aka saya masa. Kowane layi da kwanan wata, an kuma yi jimilla a ƙasan kowane shafi. Ya rufe ya mayar, bai gaya wa kowa ba.

A tsakiyar Agusta zazzaɓi ya kama shi.

Bari in ɗan tsaya a nan, don akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma yana kashe mutane. Babban mutum da ya tashi a wuri irin Kebbi, sauro na cizonsa kowace damina, jikinsa yakan yi wani sabo da ƙwayar cutar. Ba wai ba ta kama shi ba, tana kamawa, amma sau da yawa da sauƙi, ya sha magani ya miƙe. Wannan sabon ba na dindindin ba ne. Idan mutum ya yi shekaru a inda cutar ba ta da ƙarfi, sai ya ragu. Hartum ma akwai sauro, amma ina za a haɗa da bakin Gulbin Rima a watan Agusta? Binciken da aka yi na ƙasa baki ɗaya a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar a jininsu, babu jihar da ta kai haka. Ba banza ba da aka tashi fara allurar rigakafin cutar a Disamba 2024 aka fara da Kebbi da Bayelsa. Saboda haka in ka ga wanda ya daɗe a waje ya dawo zazzaɓi ya kayar da shi warwas, kada ka ce raki ne ko ya zama ɗan hutu. Sabon da jikinsa ya yi da cutar ne ya ragu.

Shi ya fi ni sanin duk wannan, ai karatunsa ne. Ya ɗauko magani a kemis ya fara sha a ɓoye, yana sha yana amayarwa. Ya san da zarar an kai nan sai allura, allura kuwa sai an kwanta asibiti, asibiti kuma kuɗi ne, sabon layi ke nan a baƙin littafi. Sai ya yi gum. Kwana biyar yana zuwa fadama da jiki kamar garwashi. A rana ta shida ya yanke jiki ya faɗi a kan kunya, aka ɗauko shi a Keke Napep, ido ya yi ɗorawa, fitsari kamar shayin da ba madara. Kwanansa tara a gado. Aka yi ta allura da ƙarin ruwa, aka ƙara masa jini leda ɗaya, ƙanwarsa mai bi masa ce ta bayar don nasu ne ya zo ɗaya.

Da ya fara gane mutane, wani dare ina jinyarsa, na ce masa, "Kai yanzu don Allah da iliminka ka yi wannan wauta?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Kawu, mi zan ce musu? An sai da gona don ni, na dawo ba komi, kuma in ce a kai ni asibiti? Na ga littahin Baba. Ko shekara ashirin na yi ina aiki ban biya."

To, mai karatu, ga tambayar: abin da iyaye suka kashe wa ɗansu, bashi ne?

Kada ka yi saurin cewa a'a don ka ji labarin ya ba ka tausayi. Mu faɗa wa juna gaskiya. Talakan ƙasar nan ba shi da inshora, fanshon ma in yana da shi sai ya ga dama yake zuwa. Ɗansa shi ne rumbunsa. Mutumin da ya sayar da gonar da ya gada daga kakanni ya tura yaro karatu, ƙarya ne a ce ba ya sa ran komai. Yana sa rai, kuma ban ga laifinsa ba. Mu da kanmu in yaro ya yi abin kirki cewa muke haihuwa ta yi rana, wato dai an shuka an girba. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Aristotal, malamin falsafar nan na Girka, yana ganin ɗa har abada mabarci ne a wurin mahaifinsa, duk abin da ya yi ba zai kai abin da aka yi masa ba. A Singafo tun 1995 akwai dokar da ta ba tsoho damar kai ɗansa ƙara in ya ƙi ciyar da shi, Indiya ma ta yi irinta a 2007. Ke nan wanda ya ce akwai nauyi a wuyan ɗa bai faɗi abin da duniya ba ta sani ba.

A ɗaya gefen kuma akwai wata malamar falsafa Ba'amurkiya, Jane English, wadda a 1979 aka buga rubutunta a kan me 'ya'yan da suka girma za su biya iyayensu. Amsarta ta girgiza mutane, don cewa ta yi babu wani bashi. Hujjarta ita ce bashi yana hawa kan wanda ya nema ne, yaro kuwa bai roƙi a haife shi ba, bai sa hannu a kan wata yarjejeniya ba. Abin da ya rage tsakaninsa da iyaye ƙauna ce da zumunci, su ne ke sa ya kula da su. Na yarda da rabin maganarta. Inda muka rabu shi ne, a tsarinta in ƙaunar ta mutu nauyin ma ya faɗi. Mu kuwa mun san uban da bai kyauta ba, wanda ɗansa ba ya jin ɗigon sonsa a zuciya, amma duk da haka in ya tsufa ba shi da abin ci, ba za mu ce ɗan ya wuce abinsa ba.

Abin da ya warware mini kullin na same shi ne a wurin da ban zata ba, a karatun zaure. Duk wanda ya yi Risala ya wuce ta babin ciyarwa. Malamanmu na Malikiyya sun ce wajibi ne uba ya ciyar da ɗansa har ya balaga ya iya nema, wajibi ne kuma ɗa mai wadata ya ciyar da iyayensa matalauta. Ka lura da kyau. Ba a ɗaura na biyun a kan na farkon ba. Ba a ce a lissafa abin da uba ya kashe a mayar masa ba. Ma'aunin guda biyu ne kawai, bukatar iyaye da ikon ɗa. Uban da ya kashe miliyan goma da wanda bai kashe ko sisi ba, in duk sun tsufa cikin rashi, haƙƙinsu a kan 'ya'yansu iri ɗaya ne. Ɗan da ba shi da shi kuwa, ba a ce ya kashe kansa ya nemo ba.

Ka ga a nan akwai bambanci tsakanin bashi da haƙƙi, kuma mu a bakinmu mun cakuɗa su. Bashi yana da adadi, yana da wa'adi, yana da ranar da za a ce an gama, a yaga takarda kowa ya kama gabansa. Haƙƙin iyaye ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Idan ka ɗauke shi a matsayin bashi, ɗayan abu biyu zai same ka. In ba ka samu ba, sai ka zama kamar ɗan yayata, kana ganin ko ciwo ba ka da ikon yi, don mabarci ba ya so a gan shi yana hutawa. In kuma ka samu, wannan ya fi muni, sai ka biya. Wallahi na san irinsu, kai ma ka san su. Ya rushe gidan ƙasa ya gina wa tsohuwa na bulo, ya kai ta Makka sau biyu, duk ƙarshen wata waya na ƙara kuɗi sun shigo, amma shekara uku bai zauna a tabarmarta ya ci tuwo ba. In ka yi masa magana ya ce, "Me ban yi mata ba?" Gaskiyarsa, a lissafin bashi ya gama biya har da riba. Ita kuwa tsohuwar tana zaune a falo mai tayil tana tambayar almajirai ko sun ji labarin zuwansa.

Amma fa kada mu ɗora wa yaro laifin duka, kamar shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan lissafin a kansa. Mu muka koya masa. Wa ya taɓa tambayar wanda ya dawo daga tafiya me ya gani, me ya ji tsoro, wa ya rasa? Tambayarmu ɗaya ce ko ba mu furta ba: me ka kawo? Yaron nan ya kwana a ƙarƙashin gado yana jin rugugin bama-bamai, ya ga gawa a bakin titi, ya yi kwanaki a iyaka yana raba gorar ruwa ɗaya da mutum huɗu. Sai a gadon asibiti na ji wannan, wata uku bayan dawowarsa. Kafin nan ko ni da nake taƙama da rubutu ban tambaye shi ba, ina ta "Dakta, Dakta" tare da kowa. Muna cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ilimin da muka yarda da shi wanda aka buga wa hatimi ne kawai. Alhali a nan ƙasar Gwandu muna da misali a gabanmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa barin rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka don abubuwan da ya gani ba su yi masa daɗi ba. Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya juyo gida. Har ya rasu a 1829 bai je hajjin nan ba. Da a Badariya ta yau ya sauka, ina jin da an sami mai cewa, "Ayya, Malam bai isa ba, ya dawo."

Akwai kuma maganar yayata, wadda na fi jin nauyin faɗa. Ita fa ta gani. Tun rana ta biyu ta lura ba ya cin abinci, ta ji shi yana amai a bayan gida da dare. Amma ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba. Abin da ta iya yi shi ne ta dama kunun tsamiya ta ba ƙaramar ƙanwarsa ta ce, "Kai ma wancan." Ta kuma gaya wa mahaifin a kaikaice, shi ma da yake kunyar ce ke ɗawainiya da shi, ya tambayi yaron a kan babur, "Lahiya dai?" Yaro ya ce, "Lahiya lau, Baba." Magana ta ƙare.

Ni ba na cikin masu cewa a zubar da kunyar ɗan fari wai ƙauyanci ce. Iyayenmu da suka tsara ta ba wawaye ba ne, kuma ba su bar ta haka kawai ba. A babban gida irin na da, in uwa ta kawar da kai akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar baffa. Kaka ita ce mai shiga ɗakin jika ba sallama, ta yaye masa bargo ta ce, "Kai maigidan, tashi in gani, mutuwa za ka yi ka bar ni da takaba?" Cikin wasa sai gaskiya ta fito. Yanzu mun fita daga babban gida, kowa ya ja katangarsa ya sa ƙofar ƙarfe, daga shi sai matarsa da 'ya'yansa. Mun taho da kunyar, mun baro kakar. Kakar yaron nan tana Argungu, kilomita hamsin kacal, ba wanda ya yi tunanin kiranta sai da aka kwantar da shi. Da ta zo kuwa ba wanda ta ƙyale. Ta dubi ɗanta, mutum mai furfura, ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku da kunyarku kun kusa kashe min miji."

Sai bayan an sallamo shi na sami zarafin yi wa mahaifin maganar littafi. Mun fito daga masallaci bayan isha, muna tsaye a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na ce, "Alhaji, ka san yaron nan ya ga littafinka?"

Ya yi shiru kamar an doke shi. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Malam, wanga littahi ba don shi na rubuta ba. Ni ban bin shi ko kwabo. Ni aka bi."

Ashe tun lokacin da zai sayar da fadamar wani malami ya ja hankalinsa ga hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan'uwansa, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kai. Ya ce masa ci da sha da sutura da magani kowane ɗa gwargwadon bukatarsa ne, amma gonar da yara shida za su gada ka tattara ka zuba a kan ɗaya, ka san yadda za ka yi da sauran. Shi ya sa yake rubutawa, don ya san abin da zai cike wa ƙannen in Allah Ya hore, in kuma ya mutu bai cike ba, a sami abin dubawa. Na ce to kuɗin asibitin nan fa, ya shiga? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, "Ciwo kyauta ne? Wanne daga cikinsu zai kwanta in tsaya rubutu?"

A nan ne na ga duk surutun da na yi ta yi a raina a kan ɗa da mahaifi, na tsallake mutum guda. Ƙanwar nan da ta ba da jini ta gama sakandare tun 2021 da sakamako mai kyau, tana son karatun aikin jinya. Aka ce ta dakata Yaya ya gama tukuna, in ya fara aiki shi zai ɗauki nauyinta. Ba ta ce komai ba, ta koyi ɗinki a wurin wata maƙwabciya. Ba a tambaye ta ba lokacin da za a sayar da gonar, ba a tambaye ta ba da aka ce ta jira. Iyaye su suka zaɓi su yi sadaukarwa, sun kuma san ladan da suke nema. Ita ba ta zaɓa ba, an yanka ne daga rabonta. Idan akwai wani abu a gidan nan da ya yi kama da bashi na gaske, mai adadi, wanda ya kamata a biya kuma a biya da wuri tun shekaru ba su wuce ba, to nata ne. Kuma ka duba unguwarku, mai karatu, kusan duk gidan da aka tura wani waje za ka tarar da irinta, galibi mace, tana bakin keken ɗinki ko tana tallar ƙanƙara, ba ta cikin hoton da aka ɗauka a filin jirgi.

Na gaya wa yaron abin da mahaifinsa ya ce. Na zaci zai ji sanyi. Ya dai yi kuka, amma da ya share ido abin da ya fara tambaya shi ne nawa ne kuɗin fom ɗin makarantar jinya. Daga baya wata jami'a a nan gida ta karɓe shi, amma aji biyu aka mayar da shi, shekara biyu ta tafi a banza. Ya karɓa. Mutanen unguwa sun rage kiransa Dakta, wasu har da 'yar dariya in ya wuce.

Ita kuma ta zauna jarrabawar shiga a 2024, kuɗin fom daga abin da ya tara a kemis ya fito. Ba ta samu ba a karon farko, don shekara uku ba ta buɗe littafi ba. Da na je gaishe su na tarar da ita a tsakar gida, keken ɗinki a gabanta, tsohon littafinsa na ilimin halittu a buɗe a kan cinyarta, duk ya sha ja da jan biro. Na ce, "'Yar gidan Kawu, yaya karatu?"

Ta ce, "Kawu, ana ta fama. Yaya ya ce in na kai babi na tara in kira shi."